BABI NA UKU: TARIHIN MAN SHAFA WA BINDIGA A YANKIN FUNTUWA DA MALUMFASHI DA KIMANTA DARAJARSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'ar harbi da matsayin maharba a kudancin ƙasar Katsina. Shi kuwa wannan babi zai dubi wani ɓangare na kayan aikin maharbi wanda ba a cika mayar da hankali a kansa ba, wato man da ake shafa wa bindiga domin kare ta daga tsatsa da kuma sauƙaƙa motsin ƙarafanta. Za a bi tarihin ire-iren man da mai bindiga ya samu a hannunsa a yankin Funtuwa da Malumfashi tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau, sa'an nan a auna kowane ɗaya ta fuskar aikinsa da kuma kuɗinsa. Manufar babin ita ce a nuna cewa man da ake shafawa ya riƙa sauyawa ne bisa ga abin da gona da kasuwa suka kawo, alhali bindigar da ke hannun akasarin mutanen karkara ba ta sauya ba. Saboda haka ba kowane sabon mai ba ne ya fi na da dacewa da ita.

3.1 Shigowar Bindiga Ƙasar Hausa

Kalmar "bindiga" da kalmar "albarushi" duk aro ne daga Larabci, wanda hakan yake nuna hanya ta farko da wannan makami ya biyo, wato ta hamada daga Arewacin Afirka. Tun a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarkin Kano Kumbari (1731-1743) aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Ke nan a ƙarni na 18 akwai hanya ta biyu, wadda ta taso daga bakin teku. Ta wannan hanya ce bindigar da Turawa suka yi wa laƙabi da sunan 'yan kasuwar Denmak ta iso, ko da yake da yawa daga cikinsu a birnin Bamingam na Ingila aka ƙera su. Ita ce Bahaushe yake kira adaka, ko bindigar toka, ko harba-ka-ruga.

Smaldone (1977) ya nuna cewa a Daular Usmaniyya doki da mashi da baka ne suka fi rinjaye a fagen yaƙi, bindiga ba ta yawaita ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, kuma galibi a hannun bayin sarki take. A wannan zamani ne Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, har ana ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. Kudancin Katsina, wanda ya sha fama da hare-haren Maraɗawa, yana cikin wannan duniya ta yaƙi da ciniki. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Burasel, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogi na zamani, ta bar musu masu ɗuri ta baki. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903 sai wannan tsari ya ƙara ƙarfi. Dokar Makamai ta 1959 ma ta ware bindiga mai ɗuri ta baki a rukuni na daban, ta bar lamarin lasisinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Sakamakon haka shi ne, manomi da maharbi da 'yan bindigar fada suka ci gaba da riƙe bindigar toka, maƙera kuma suka gaji ƙirarta da gyaranta.

3.2 Dalilin da Ya Sa Bindiga Take Bukatar Mai

Kafin a auna kowane mai, wajibi ne a san abin da ake so ya yi. Ana haɗa albarushi ne da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri mai taimaka wa wuta ci. Idan ya tashi, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yana fita ne a matsayin hayaƙi ko ya maƙale a cikin bututu a matsayin baƙar toka. Wannan toka tana da halin kanwa, wato tana jawo laima daga iska, kuma tana ɗauke da ragowar farar wuta. Idan aka yi harbi aka jingine bindiga ba a wanke ba, to cikin kwana ɗaya ko biyu na damina tsatsa za ta fara cin ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya gani.

Haɗarin da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne. Bindigogin ƙirar gida da dama ana yin bututunsu ne da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, waɗanda tun asali ba a yi su domin ɗaukar ƙarfin albarushi ba. Idan tsatsa ta rarake irin wannan ƙarfe, yana iya fashewa a hannun mai shi, ya rasa yatsu ko ido. Haka kuma idan mai ya yi yawa ya kwanta a gindin bututu, yakan jiƙa albarushi, bindiga ta ƙi tashi, ko ta yi jinkiri ta tashi bayan mai ita ya sauke ta daga kafaɗa. Ga maharbin da ya tunkari gyado ko manomin da yake gadin gonarsa da dare, ɗayan biyun nan na iya zama ajali.

Yanayin yankin shi ma yana da nasa hukunci. Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Faskari sun fi arewacin jihar samun ruwan sama, damina takan kama daga watan Mayu zuwa Oktoba. A wannan lokaci laima ce abokiyar gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu yakan zo da ƙura mai laushi wadda take manne wa duk inda mai ya yi danƙo, ta koma kamar garin dutsen wasa wuƙa tana cin ƙarfe. A bazara zafi yakan narkar da mai mai daskarewa ya tsiyaye. Farauta ta gayya kuwa da rani ake yin ta, bayan an kawar da amfanin gona, wato daidai lokacin ƙura. Bisa ga wannan, za a iya auna mai da ma'auni biyar: kare ƙarfe daga tsatsa, barin toka da laushi yadda za ta wanku, rashin yin danƙo idan ya daɗe, jure zafi da ƙura, sai kuma sauƙin samu da araha.

3.3 Zamanin Man Gargajiya

Kafin mulkin mallaka, man da ke hannun mai bindiga shi ne man da ke ɗakin matarsa. Na farko shi ne man kaɗe, wanda mata suke fitarwa daga ƙwallon kaɗanya, itacen da yake da yawa a gonakin kudancin Katsina. Man kaɗe yana daskarewa a inuwa, sai zafi ya haura kimanin digiri 32 na ma'aunin santigireti yake fara narkewa. Wannan hali ya sa yake zama a jikin ƙarfe kamar riga, ya hana laima shiga, kuma yana daɗewa bai yi tsami ba. Haka nan yana haɗuwa da tokar albarushi ya bar ta da laushi, ruwan zafi da tsumma su fitar da ita. Rauninsa yana wajen kunama da sauran ƙananan ƙarafa masu motsi, domin a sanyin asubahin hunturu yakan yi tauri ya rage musu sauri.

Na biyu shi ne man shanu, wanda Fulanin da suke zaune tare da manoma suke kawowa kasuwa. Ɗanyen man shanu yana ɗauke da ruwa da ragowar nono, don haka idan aka shafa shi a ƙarfe yana iya jawo tsatsar da ake gudu. Sai an soya shi ruwan ya ƙone, an tace, yake zama mai amfani. Kitsen rago ko na sa da aka narkar aka tace shi ma yana cikin wannan rukuni, da sharaɗin ba a sa masa gishiri ba. Na uku shi ne manja, wanda fatake suke kawowa daga kudu. Manjan da aka matsa a gida yakan yi tsami idan ya daɗe, tsamin nan kuwa yana taɓa ƙarfe, yana kuma sa tagulla ta yi kore. Ga shi da tsada saboda nisan hanya. Ke nan a cikin ukun nan man kaɗe ne ya fi cika sharuɗɗan da aka ambata.

Yana da kyau a lura cewa amfani da kitse a bindigar toka ba al'adar Hausawa ce kaɗai ba. Sojojin Turai na ƙarni na 19 ma da kitsen dabba da kakin zuma suke shafa wa kunshin harsashinsu. Hasali ma, ɗaya daga cikin abubuwan da suka tayar da boren sojojin Indiya a 1857 shi ne labarin da ya bazu cewa kunshin harsashin sabuwar bindigar Enfield, wanda sai soja ya yage shi da haƙori, an shafe shi da kitsen saniya da na alade. Wannan ya ɓata wa mabiya addinin Hindu da Musulmi rai baki ɗaya. Misalin yana nuna cewa ga Musulmi akwai ma'auni na shida, wato tsarkin abin da za a shafa, musamman da yake maharbi da hannun da ya taɓa bindiga zai yanka abin da ya harbo.

3.4 Zamanin Gyaɗa da Auduga

Mulkin mallaka ya sauya abin da ake nomawa a yankin. A 1902 aka kafa ƙungiyar B.C.G.A. a Ingila domin samar wa masaƙun ƙasar auduga, kuma daga baya ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. An buɗe gonar inganta irin auduga a Daudawa, hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A ɗaya ɓangaren kuma, tun bayan da jirgi ya isa Kano a 1911 gyaɗa ta zama amfanin gona na sayarwa. Waɗannan abubuwa biyu suka sa man gyaɗa ya wadata a kowace kasuwa, daga baya kuma man angurya ya biyo baya.

Man gyaɗa yana da ruwa-ruwa a kowane yanayi, saboda haka yana shiga lungunan kunama inda man kaɗe ba ya isa. Yana kuma zaman lafiya da tokar albarushi. Sai dai kamar sauran man tsirrai, idan ya daɗe iska tana bugunsa yakan yi wari ya fara kauri, don haka yana bukatar a riƙa gogewa ana sabuntawa. Man angurya kuwa ya fi shi saurin bushewa. Idan aka shafa shi aka ajiye bindiga tsawon damina, yakan koma danƙo mai kama da ƙaro, ya riƙe kunama, ya tara ƙura. Duk da cewa Funtuwa ita ce cibiyar auduga, har ta zama mazaunin Hukumar Auduga ta Nijeriya daga 1977 zuwa lokacin da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, man da audugar take bayarwa shi ne mafi rauni ga bindiga a cikin man gida. Wannan misali ne na yadda wadatar abu take iya ruɗar mai amfani da shi.

3.5 Zamanin Man Inji

Kantunan Turawa irin su John Holt da U.A.C., wanda aka kafa a 1929, sun shigo da kananzir da keken hawa da keken ɗinki, tare da ɗan man da ake ɗiga musu. Amma man inji bai game ƙauyuka ba sai bayan da injuna suka yawaita. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya zo da motocin noma da hanyoyin karkara. A wannan shekara ce kuma cutar kuturtar gyaɗa ta yi mummunar ɓarna a Arewa, man gyaɗa ya yi tsada. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna. Babura da injinan niƙa da na ban-ruwa suka shiga kowane gari, kowane gari kuma ya samu bakanike. Daga nan baƙin mai, wato man da aka juye daga inji, ya zama abin da ake samu kusan kyauta.

Man inji mai tsabta yana da fifiko bayyananne ta fuska biyu. Ba ya tsami, ba ya kuma bushewa ya zama ƙaro. Saboda haka a kan kunama da bayan bututu ya fi duk man gida daɗewa yana aiki. Man keken ɗinki musamman ya dace da ƙananan ƙarafa, domin ba shi da kauri kuma ba ya tara ƙura da yawa. Matsalar tana cikin bututu ne. Idan zafin albarushi ya haɗu da man da aka samo daga fetur, tokar takan dunƙule ta zama baƙin abu mai tauri kamar kwalta, wanda ruwa ba ya wanke shi. Wannan yakan rage faɗin bututu, ya sa ɗuri ya yi wuya, ya kuma ɓoye tsatsa a ƙarƙashinsa. Masu harbi da bindigar toka a Turai da Amurka sun san wannan sarai, shi ya sa suke amfani da kitse da kakin zuma a cikin bututu.

Baƙin mai ya fi muni, domin ban da wannan aibi yana ɗauke da kunkunniya da ɓarɓashin ƙarfe da tsamin da ya taru a cikin inji. Giris yana kare ƙarfe sosai idan za a yi doguwar ajiya, amma da hunturu tarkon ƙura ne. Kananzir yana sassauta tsatsa da tsohon danƙo, sai dai wanki kawai yake yi, yana bushewa ya bar ƙarfe tsirara. Man birki kuwa yana jawo ruwa daga iska, yana kuma ɓata fentin ƙota, don haka ba shi da gurbi a jikin bindiga. A nan karin maganar nan ta "araha ba ta ado" ta yi daidai da baƙin mai.

3.6 Man Kanti na Musamman

A ƙasashen da ake ƙera makamai an daɗe da haɗa mai domin bindiga kaɗai. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, wanda ba ya barin toka mai yawa, kuma shi ne yake cikin harsashin bindigogin zamani. Irin waɗannan bindigogi suna da ƙarafa masu gudu da sauri, don haka man fetur da aka tace ya dace da su. A 1904 kamfanin Klever na Jamus ya fito da Ballistol, wanda yake gauraya da ruwa ya zama fari kamar madara, abin da ya sa yake iya wanke tokar albarushi duk da cewa asalinsa man ƙasa ne. A 1953 aka haɗa WD-40 a Amurka domin korar ruwa daga jikin ƙarfe. Yana da amfani bayan ruwan sama ya doki bindiga, amma ba shi da kaurin da zai daɗe yana kariya.

Ta fuskar daraja, irin wannan mai da kuɗin waje ake shigo da shi, kuma tun daga 1986 da aka fara shirin gyaran tattalin arziki na SAP darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan waje suka yi wa talaka nisa. Mutumin da yake harbi sau kaɗan a shekara, bindigarsa kuma maƙerin garinsu ne ya ƙera ta, ba zai ga riba a gwangwanin da sai an je birni ake samun sa ba. Wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai bindigar zamani da ke da lasisi, da kuma jami'an tsaro.

3.7 Kimantawa

Idan aka ɗora duk waɗannan a kan ma'aunan da aka gindaya, za a ga cewa babu mai guda da ya cika su duka, domin bindigar toka tana da wurare biyu masu bukata daban. A cikin bututu, man kaɗe da tataccen kitse marar gishiri su ne kan gaba, man gyaɗa yana biye. A kan kunama, man keken ɗinki ko sabon man inji marar kauri ya fi. Man angurya da ɗanyen man shanu da manja suna ƙasa, baƙin mai da man birki kuwa cutarsu ta fi amfaninsu. Har ila yau, yawan da ake shafawa yana bin lokaci: da damina a yalwata, da hunturu a shafa a goge har ya zama ƙyalli kawai.

Abu mafi muhimmanci shi ne, babu man da yake maye gurbin wanki. Tokar albarushi a ruwa take narkewa, ba a mai ba. Wanda ya wanke bututu da ruwan zafi a ranar da ya yi harbi, ya busar da shi sarai, ya shafa ɗan man kaɗe, ya fi wanda ya zuba mai mai tsada a kan datti. Wannan ya fi shafar 'yan bindigar fada, waɗanda a ranar hawan salla sukan yi harbi da yawa a jere da albarushi zalla, sa'an nan bindigogin su koma ajiya na watanni.

Lamarin ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Matsalar 'yan fashin daji da ta addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai fiye da 300 a watan Disamba na 2020, ta sa maharba da 'yan banga da yawa suka koma aikin gadin gari, har gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023. Tsofaffin bindigogin da suka shekara a rataye sun sake fitowa, wasu a hannun matasan da ba su gaji harbi ba, ba su kuma koyi kula da makami daga iyaye ba. Ga irin waɗannan, bindigar da tsatsa ta ci tana iya cutar da mai riƙe da ita kafin ta cutar da wani.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin man shafa wa bindiga a yankin Funtuwa da Malumfashi ta matakai huɗu, wato zamanin man kaɗe da kitse, da zamanin gyaɗa da angurya, da zamanin man inji, sai kuma man kanti na musamman. An ga cewa kowane mataki ya zo ne sakamakon sauyi a noma ko sufuri ko ciniki, ita kuwa bindigar doka da talauci sun tsayar da ita a yadda take tun ƙarni na 19. An kuma ga cewa man inji ya kawo ci gaba na gaskiya ga kunama da bayan ƙarfe, amma a cikin bututu da tsohuwar zuma ake magani. Babi na gaba zai dubi matsayin maƙera wajen ƙira da gyaran bindigar toka a wannan yanki.